Me Ya Sa LEFT JOIN Ya Zubar Da Layukan Da Ya Kamata Ya Riƙe?

Wani ɗan'uwa da ke rubuta manhajar kula da laburare ya aiko da wannan tambaya: "Ina da tebur biyu a rumbun bayanai, ɗaya na mambobi, ɗaya na aron littattafai. Na yi amfani da LEFT JOIN domin in ga dukkan mambobi, har da waɗanda ba su taɓa aron komai ba, kuma abin ya fito daidai. Amma da na ƙara sharaɗin cewa aron shekarar 2024 kaɗai nake so, sai waɗanda ba su yi aro ba suka ɓace. Me ya faru? Sannan mene ne ainihin bambancin LEFT da RIGHT, kuma yaya ake yin su a C# da Python?"

Ɗan'uwa, rumbun bayananka bai yi kuskure ba, abin da ka rubuta shi ya aiwatar, sai dai abin da ka rubuta ba shi ne abin da kake nufi ba. Haɗi na waje, wato irin su LEFT JOIN da RIGHT JOIN, alkawari ne kake ɗauka cewa tebur ɗaya daga cikin biyun ba zai rasa ko layi guda ba, ko an sama masa abokin haɗi ko ba a samu ba, kuma duk abin da ka rubuta bayan haɗin yana iya cika wannan alkawari ko ya warware shi ba tare da an nuna maka wani saƙon kuskure ba. Domin maganar ta zauna, bari mu ɗauki ƙaramin misali wanda za a iya ƙirga shi da yatsu.

A ce teburin mambobi yana da mutum uku, masu lamba 1, 2 da 3. Mamba na 1 ya ari littattafai biyu a 2024, mamba na 2 ya ari littafi ɗaya a 2023, shi kuwa mamba na 3 bai taɓa aron komai ba. Idan aka yi haɗi na ciki, wato INNER JOIN, layi uku za su fito: biyu na mamba na 1, ɗaya na mamba na 2, na 3 kuwa ba zai bayyana ba domin babu layin da ya dace da shi a teburin aro. Idan aka yi LEFT JOIN, layi huɗu za su fito, na huɗun shi ne mamba na 3, kuma dukkan ginshiƙan da suka zo daga teburin aro za su ɗauki NULL a wannan layi. Ka lura cewa wannan NULL ɗin ba a ajiye yake a ko'ina ba, haɗin ne ya ƙirƙire shi a lokacin domin ya cike gurbin abin da babu.

Ga abin da nake kyautata zaton ka rubuta:

```
SELECT m.lamba, a.littafi
FROM mambobi m
LEFT JOIN aro a ON a.lambar_mamba = m.lamba
WHERE a.shekara = 2024;
```

A ƙa'idar SQL, harshen da ake rubuta wa rumbun bayanai umarni da shi, ana fara kammala haɗin tukuna, sannan a bi sakamakon layi bayan layi ana tace shi da sharaɗin WHERE. Da aka zo kan mamba na 3, sai aka tarar shekararsa NULL ce. To, NULL ba sifili ba ne, ba kuma rubutu marar komai ba ne, alama ce ta rashin ƙima, kuma idan aka kwatanta ta da kowane abu, amsar ba gaskiya ba ce ba kuma ƙarya ba, matsayi ne na uku da ake kira UNKNOWN, wato ba a sani ba. WHERE kuwa ba ya barin layi ya wuce sai idan sharaɗin ya tabbata gaskiya. Saboda haka layin da LEFT JOIN ya ceto, WHERE ya zo ya zubar da shi, kuma sakamakon ya koma daidai da na haɗi na ciki. Wannan sanannen abu ne har ga injinan kansu: PostgreSQL, ɗaya daga cikin injinan rumbun bayanai, idan ya ga irin wannan sharaɗi, yakan mayar da haɗin na ciki tun kafin ya fara aiki, kuma idan ka duba tsarin aikinsa da umarnin EXPLAIN za ka ga kalmar Left ta ɓace daga bayanin haɗin.

Gyaran shi ne a mayar da sharaɗin cikin ON:

```
SELECT m.lamba, a.littafi
FROM mambobi m
LEFT JOIN aro a
  ON a.lambar_mamba = m.lamba
 AND a.shekara = 2024;
```

Yanzu sharaɗin shekara ya zama ɓangare na ma'anar dacewa. ON yana yanke hukuncin wane layi na dama (teburin aro) ne ya cancanci a haɗa shi da na hagu (teburin mambobi), amma ba shi da ikon cire layin hagu. Sakamakon zai zama layi huɗu: biyu na mamba na 1, ɗaya na mamba na 2 da NULL, ɗaya na mamba na 3 da NULL. A nan akwai abin da ya kamata ka tsaya ka yi tunani a kansa, domin ma'anar NULL ɗin ta canza. Da farko tana nufin mutumin bai taɓa aro ba, yanzu kuwa tana nufin bai yi aro a 2024 ba, shi ya sa mamba na 2, wanda ya yi aro a 2023, ya shiga sahun masu gurbi. Idan rahotonka zai rubuta "bai taɓa aro ba" a gaban duk mai NULL, to zai yi wa mamba na 2 ƙarya.

Akwai wani gyara da ake yawan bayarwa wanda nake so ka guje shi, wato a bar sharaɗin a WHERE a ƙara masa `OR a.shekara IS NULL`. A ido yana kama da daidai, kuma idan ka gwada shi za ka ga mamba na 3 ya dawo, sai ka ɗauka an gama. Amma ka duba mamba na 2: haɗin ya sama masa abokinsa na 2023, don haka shekararsa ba NULL ba ce, kuma ba 2024 ba ce, sai ya faɗi a sharaɗin duka biyu ya ɓace. Wannan kuskure ya fi na farko haɗari, domin na farko yana kwashe mutane da yawa har a lura, wannan kuwa yana ɗauke wasu ne kaɗai, waɗanda suka yi aro a wasu shekarun ban da wadda ake nema, kuma rahoto yana iya shafe watanni a haka ba a gane ba.

Akasin wannan ma yana faruwa. Idan sharaɗin na teburin hagu ne, misali kana son mambobin da rajistarsu ba ta ƙare ba kaɗai, to muhallinsa WHERE. Idan ka saka shi cikin ON, waɗanda rajistarsu ta ƙare ba za su fita ba, za su bayyana ne da NULL a ɓangaren aro, kamar ba su taɓa ɗaukar littafi ba. Wuri ɗaya da sharaɗin teburin dama yake da hurumi a WHERE shi ne idan da gangan kake neman marasa aboki, ta hanyar rubuta `WHERE a.lamba IS NULL`, wanda zai ba ka mamba na 3 shi kaɗai idan babu sharaɗin shekara a ON. A nan ka tabbata ginshiƙin da kake dubawa shi ne babban mabuɗin teburin aro, ko wani wanda ba a yarda ya zauna babu ƙima ba, domin idan ka duba ginshiƙi irin na ranar mayar da littafi, za ka cakuɗa wanda bai yi aro ba da wanda ya ara bai dawo da shi ba. Ni dai a irin wannan nema na fi son NOT EXISTS, domin yana faɗin nufin marubuci ƙarara. NOT IN kuwa a yi hattara da shi, domin NULL guda ɗaya a jerin da yake dubawa ya isa ya sa sakamakon gaba ɗaya ya fito babu layi ko ɗaya.

Sanin asalin wannan rabuwa tsakanin ON da WHERE yana taimakawa wajen riƙe ta. Tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa ya samo asali ne daga takardar da Edgar Codd ya wallafa a 1970 yana aiki a IBM, kuma a can ne Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara harshen da ya zama SQL a shekarun 1970. Amma rubutun LEFT OUTER JOIN da RIGHT OUTER JOIN tare da ON bai shiga ƙa'idar harshen ba sai a SQL-92. Kafin nan kowane kamfani da nasa salon: Oracle yana saka alamar tarawa a gefen da ake iya rasawa, Sybase da SQL Server suna amfani da `*=` da `=*`, kuma dukkansu a cikin WHERE ake rubuta su, sharaɗin haɗi da na tacewa a cakuɗe wuri ɗaya, har ya zama da wuya a san wanne ake fara aiwatarwa. An kawo ON ne domin a raba waɗannan ayyuka biyu, kuma SQL Server ya daina karɓar tsohon salon tun daga fitowar 2012. Kalmar OUTER kuwa ba dole ba ce, LEFT JOIN da LEFT OUTER JOIN abu ɗaya ne.

Batun bambancin LEFT da RIGHT bai kai yadda ake zato ba. Hagu da dama suna nufin matsayin sunan tebur a rubutu ne kawai: wanda aka ambata kafin kalmar JOIN shi ne na hagu, wanda aka ambata bayanta shi ne na dama, kuma jerin ginshiƙai a cikin ON ba ya canza komai. Don haka `mambobi LEFT JOIN aro` da `aro RIGHT JOIN mambobi` layuka iri ɗaya suke fitarwa, in ban da jerin ginshiƙai idan ka nemi duka da alamar tauraro. MySQL ma tun a matakin karanta umarni yake juya RIGHT JOIN ya koma LEFT JOIN, SQLite kuma ya yi shekaru da dama ana aiki da shi babu RIGHT JOIN sam, sai a fitowa ta 3.39.0 a 2022 aka ƙara shi tare da FULL OUTER JOIN. Shi wannan na ƙarshen yana riƙe marasa aboki daga ɓangarorin biyu, kuma MySQL ba ya da shi, sai dai a haɗa sakamako biyu da UNION.

Ra'ayina shi ne ka zaɓi LEFT ka tsaya a kansa. Idan ka fara da teburin da kake son riƙewa, mai karanta rubutunka zai gane tun daga layin FROM cewa rahoton na mambobi ne, sauran kuma ƙari ne a kansu. Da zarar an gauraya LEFT da RIGHT a umarni mai tebur huɗu ko biyar, sai mutum ya riƙa komawa baya yana lissafin wane ɓangare ne ke iya zama NULL a kowane mataki, kuma a nan kurakurai ke samun mafaka.

Duk da haka akwai wuri ɗaya da RIGHT JOIN yake da amfani na gaske, kuma yana da alaƙa da wani tarko da za ka haɗu da shi nan gaba kaɗan. A ce kana son sunan littafin, wanda yake a tebur na uku. Idan ka rubuta mambobi LEFT JOIN aro, sannan ka bi shi da INNER JOIN littattafai a kan lambar littafin da ke teburin aro, mamba na 3 zai sake ɓacewa, domin lambar littafinsa NULL ce, kuma haɗi na ciki ba ya riƙe abin da bai dace ba. Mafita mafi sauƙi ita ce haɗi na biyun ma ya zama LEFT. Amma idan kana son aro da littattafai su haɗu haɗi na ciki a tsakaninsu, sannan a jingina sakamakon ga mambobi, to za ka iya fara rubuta aro INNER JOIN littattafai, ka rufe da RIGHT JOIN mambobi. Ana iya samun wannan sakamako da LEFT ta hanyar kewaye haɗin teburan biyu da baka, wato ( ), kuma ni hakan nake yi, amma wanda ya zaɓi RIGHT a nan bai yi laifi ba.

Tun da rahoto kake shiryawa, tabbas za ka zo kan ƙirga, kuma nan ma akwai abin lura. Idan ka tara layuka da GROUP BY a kan lambar mamba ka ce `COUNT(*)`, mamba na 3 zai samu 1, domin layinsa yana nan ko da babu aro a cikinsa. Abin da kake buƙata shi ne `COUNT(a.lamba)`, wanda ba ya ƙirga NULL, sai ya ba shi 0. SUM kuwa, idan bai tarar da komai ba sai NULL, to NULL zai dawo da shi ba sifili ba, don haka idan kana tara kwanakin da aka makara wajen mayar da littafi, sai ka naɗe shi da COALESCE, mai maye gurbin NULL da ƙimar da ka ba shi, domin a samu 0.

Abin da ya fi waɗannan ɓarna shi ne ninkuwar layuka. Mutane da yawa suna ɗauka cewa LEFT JOIN yana fitar da adadin layukan hagu daidai, alhali abin da ya lamunce shi ne kowane layin hagu zai fito aƙalla sau ɗaya. A ce akwai tebur na ziyarar ɗakin karatu, kuma mamba na 1 ya ziyarta sau uku. Idan ka jingina aro da ziyara ga mambobi a umarni ɗaya, aronsa biyu za su haɗu da ziyararsa uku, a samu layi shida, ƙirgar aro ta ce 6, ƙirgar ziyara ma ta ce 6. Saka DISTINCT a cikin COUNT yana gyara ƙirga, amma saka shi a cikin SUM ɓarna ce sabuwa, domin idan aro biyu suka yi makarar kwana 4 kowanne, zai ɗauke su abu ɗaya ya ba ka 4 maimakon 8. Hanya mai inganci ita ce a tara kowane tebur shi kaɗai tukuna, ya zama layi ɗaya ga kowane mamba, sannan a yi LEFT JOIN da abin da aka tara.

A ɓangaren C#, LINQ, hanyar rubuta tambayar bayanai a cikin C#, ya daɗe ba shi da umarni na musamman na haɗi na waje, sai dai a gina shi da matakai: a haɗa zuwa rukuni, sannan a baje rukunin tare da DefaultIfEmpty.

```
var sakamako =
    from m in mambobi
    join a in aro.Where(x => x.Shekara == 2024)
        on m.Lamba equals a.LambarMamba into rukuni
    from r in rukuni.DefaultIfEmpty()
    select new {
        m.Lamba,
        Littafi = r == null ? null : r.Littafi
    };
```

Ka ga an tace aro kafin haɗi, wanda shi ne kwatankwacin saka sharaɗi a ON. DefaultIfEmpty shi ke sa rukunin da babu kowa a cikinsa ya fitar da abu ɗaya marar ƙima maimakon ya ɓace, kuma idan ka cire shi ka koma haɗi na ciki. Idan jerin yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ne kuma ka taɓa `r.Littafi` ba tare da dubawa ba, manhajar za ta tsaya da NullReferenceException a kan mamba na 3. Gajeriyar alamar `?.` tana aiki a irin wannan jeri, amma ba a yarda da ita ba a umarnin da Entity Framework (EF), mai haɗa manhajar C# da rumbun bayanai, zai fassara zuwa SQL, shi ya sa na rubuta dubawar a buɗe. A .NET 10, fitowa ta 10 ta dandalin da C# ke aiki a kansa, wanda ya fito a Nuwamban 2025, an ƙara LeftJoin da RightJoin kai tsaye, kuma EF Core 10 yana fassara su. Idan aikinka yana kan tsohuwar fitowa, haɗin dama sai ka musanya matsayin jerin biyu.

A Python kuma, da pandas, kayan aikin sarrafa bayanai a siffar tebur, aikin na merge ne, inda `how="left"` ko `how="right"` ke zaɓar ɓangaren da za a riƙe:

```
na_2024 = aro[aro["shekara"] == 2024]
sakamako = mambobi.merge(
    na_2024, how="left",
    left_on="lamba", right_on="lambar_mamba",
    indicator=True, validate="one_to_many")
```

Abubuwa biyu na ƙarshe ina ba ka shawarar ka saba da su. Na farko yana ƙara ginshiƙi mai suna `_merge` da ke nuna ko layi ya samu aboki ko daga hagu kaɗai ya zo, na biyun kuma yana tsayar da aikin idan lambar mamba ta maimaitu a teburin hagu, maimakon ya bar layuka su ninku a ɓoye. Sai dai pandas ya saɓa wa SQL a wuri mai muhimmanci: idan mabuɗin haɗi babu ƙima a ɓangarorin biyu, zai ɗauke su sun dace ya haɗa su, alhali a SQL NULL ba ya dacewa da NULL. Haka nan ginshiƙin cikakkun lambobi da ya samu gurbi bayan haɗi yakan koma lambobi masu ɗigo, ka ga 7 ta zama 7.0, sai idan ka yi amfani da nau'in Int64 mai babban harafi, wanda ke karɓar gurbi.

Game da sauri, abin da ya fi tasiri shi ne fihirisa, wato index mai hanzarta neman layi, a kan ginshiƙin `lambar_mamba` na teburin aro. MySQL da injin InnoDB yana samar da ita da kansa idan aka ayyana ginshiƙin a matsayin mabuɗin da ke nuni ga wani tebur, PostgreSQL kuwa ba ya yin haka, kai ne za ka ƙirƙire ta. Kuma idan bayanan a rumbu suke, ka bar rumbun ya yi haɗin, kada ka kwaso tebura biyu gaba ɗaya zuwa manhaja domin ka haɗa su a can.

Kafin ka miƙa rahoton, ka gina ƙaramin rumbun gwaji da mutum ukun nan na misalinmu, mai aro a shekarar da ake nema, mai aro a wata shekarar daban, da wanda bai taɓa aro ba, ka ƙara wa na farkon ziyara uku. Sannan ka rubuta gwaji mai tabbatar da abu biyu: adadin mambobi daban-daban a sakamako ya zama 3, kuma ƙirgar aron 2024 ta fito 2 ga na farko, 0 ga na biyu, 0 ga na uku. Mamba na 2 shi ne wanda aka fi mantawa da shi a bayanan gwaji, kuma shi ne zai nuna maka idan wani ya zo daga baya ya mayar da sharaɗin shekara cikin WHERE tare da `OR a.shekara IS NULL`.